Wasiƙa daga gonar inabi a Anjou

Anjou, Faransa
Watan Nuwamba

Zuwa ga Yayana Dauda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali duka. Ka gaishe mini da Baba da Mama da kyau, ka ce musu sanyi ya fara shigowa amma jiki lafiya lau, mun gode Allah. Ina gaida mai ɗakinka da yara, da Gwaggo, da duk wanda ya tambaye ni.

Bayan gaisuwa, Yaya, ka tambaye ni wane irin noma ne wannan da ake binne ƙahon saniya a gona, kuma me ake nufi da cewa ba a sa wa ruwan inabin gidan nan hannu. Maganar ta fi ƙarfin waya. Yanzu da aka gama girbi, ruwan yana kwance cikin ganguna, bari in warware maka ita daga gona har kwalba.

Sunan noman biyodinami. Tushensa wani malami ne ɗan Ostiriya, Rudolf Steiner, wanda ya yi wa manoma lacca 8 a watan Yunin 1924 a Koberwitz, wurin da a lokacin yake cikin Jamus, yau kuma yana Poland. Manoman ne suka kai masa kuka cewa ƙasa da iri suna raunana tun da takin zamani ya shigo. Amsarsa ita ce a riƙe gona a matsayin abu ɗaya mai rai, ƙasa da dabba da tsiro suna ciyar da juna, a rage abin da ake sayowa daga waje. Tambarin Demeter, shaidar cewa da wannan noman aka yi abu, wanda za ka gani a jikin kwalabenmu, ya samo asali tun 1928. Masu inabi sun makara kafin su shiga. Eugène Meyer ya fara a Alsace a 1969, sannan Nicolas Joly ya juya gonarsa ta Coulée de Serrant da ke Savennières, nan kusa da mu a bakin kogin Loire, a farkon shekarun 1980. A 1995 masu gonakin inabi suka kafa tasu ƙungiyar, Biodyvin. Ko wane tambari mutum yake nema, sai gonarsa ta fara cin jarrabawar noma marar sinadari ta Tarayyar Turai, wadda take ɗaukar shekara 3 ga itace mai daɗewa irin inabi, kuma duk shekara mai bincike yana zuwa ya duba gona da rumbu da takardun saye.

Aikin da ya fi cin ƙarfi ba shi da wani asiri, ciyawa ce. Babu maganin ciyawa ko ɗigo, ga kuma kuringa wajen 4,500 zuwa 5,000 a kowace hekta. Tsakanin layi da layi da sauƙi, tarakta tana wucewa. Wahalar tana ƙarƙashin layin, tsakanin gindi da gindi. Akwai wata wuƙar garma mai ɗan sanda a gabanta, da sandan ya taɓa gindin kuringa sai wuƙar ta ja da baya, ta wuce, ta sake shiga. In direba ya yi sauri ko sandan ya kwance, wuƙar ta sare kuringa mai shekara 40, shi ke nan an yi asarar da ba ta dawowa da wuri. Abin da wuƙar ta bari kuma sai fartanya. A tsofaffin gonaki masu matsattsen layi doki ake sawa, domin ba ya danne ƙasa kamar taya.

Bayan girbi ana shuka tsakanin layuka da hatsin rai da wani irin wake da ciyawar kulobar. Masu dangin wake suna ajiye sinadarin naitirojin a ƙasa, hatsin kuma saiwarsa tana fasa ƙasar da ta daskare. Da hunturu ana sakin tumaki su yi kiwo su bar kashi, amma dole a fitar da su kafin toho ya fito a farkon Afrilu, in ba haka ba su cinye girbin shekara tun yana ido. Ana kuma lura da su, domin tumaki ba sa jure tagulla, gonar inabi kuwa ba ta rasa ta, tun da ita ake fesawa don tsare cuta. Wannan shukar tana da nata haɗarin. In aka bar ta ta yi tsawo a Afrilu, tana riƙe sanyi kusa da toho, ƙanƙarar asuba ta ƙone shi. In aka bar ta a shekarar fari, ta shanye ruwa da abinci, kuringa ta yi rawaya, 'ya'yan su zo babu isasshen naitirojin. Ka riƙe wannan, domin yunwar da aka yi a gona a watan Yuni tana fitowa ne a ganga a watan Oktoba. Saboda haka ana kwantar da shukar ko a yanke ta a kan lokaci, kuma ba kowane layi ake shukawa ba a busasshen tudu.

To, maganar ƙaho. Ana kiransa 500. Ana samo ƙahon saniyar da ta taɓa haihuwa, ba na sa ba, a cusa masa ɗanyen kashin shanun da ciyawa suke ci. Wajen ƙarshen Satumba ko Oktoba a binne ƙahonin a ƙasa mai kyau, zurfin kamar rabin mita, bakinsu yana kallon ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. A Afrilu a tono. In ya yi, za ka same shi baƙi, mai laushi, yana ƙamshin ƙasar daji, babu warin kashi ko kaɗan. In ya fito kore yana ɗoyi, to ruwa ya kwanta a ramin ko lokaci bai yi ba, sai a mayar ko a zubar. Ana ajiye mai kyaun a tulun ƙasa ko kwalba cikin akwati, a wuri mai sanyi da duhu, kada ya bushe.

Giram 100 ne kacal ga hekta guda, cikin ruwa lita 30 zuwa 35. Ruwan sama aka fi so, a ɗumama shi ya kai ɗumin jiki. Sai a juya shi awa ɗaya cif: a juya gefe ɗaya har rami ya buɗe a tsakiyar ruwan ya kusa kai gindin ganga, sai a karya shi a juya ɗaya gefen, haka har awar ta cika. Akwai injin tagulla da ke yin wannan, wasu kuma har yau da hannu suke yi. A tace don kada bakin famfo ya toshe, a watsa a ƙasa da yamma, manyan ɗigo, nan da nan kafin ya kwana. Sau biyu a shekara, lokacin da ƙasa ta fara ɗumi da kuma bayan girbi. Famfon da ya taɓa ɗaukar wani magani ba a amfani da shi.

Na biyun shi ne 501. Farin dutse ne mai ƙyalli ake niƙawa ya zama gari, a kwaɓa, a cusa a ƙaho, a binne tsawon watannin zafi. Shi giram 2 zuwa 4 ya ishi hekta. Juyawar iri ɗaya ce, amma da sassafe ake fesa shi, feshi mai laushi sama da ganye, kafin fure da kuma gab da nuna. Masu aikin suna cewa yana ƙarfafa ganye ya miƙe ya nemi haske, kuma suna hana fesa shi a kan kuringar da ƙishi ya kama ko wadda aka dasa kwanan nan. Sauran shida, 502 zuwa 507, na tarin taki ne. Furanni ne da ganye da ɓawon itace na ƙasar nan, kamar kamomil, wasu ana tsima su cikin hanjin saniya ko ƙoƙon kan dabba, a sa ɗan kaɗan a ramuka cikin tarin takin. Akwai kuma kalandar wata da wata Bajamushiya, Maria Thun, ta fara fitarwa a shekarun 1960, mai raba kwanaki zuwa na saiwa, na ganye, na fure da na 'ya'ya. Ana bin ta wajen datsa da zuba kwalba in hali ya yi. In hadari ya taso, hadarin ake bi.

Na san abin da za ka ce, kuma gaskiyarka: giram 100 a hekta ba taki ba ne, masu yi ma ba su ce taki ba ne. Akwai gwajin da ake yi kusa da Basel a Suwizalan tun 1978, ana kwatanta noman zamani da marar sinadari da biyodinami a filaye gefe da gefe. Ya nuna ƙasar da ba a sa wa sinadari ta fi rai da ƙananan halittu, amfanin kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Amma tsakanin biyodinami da noma marar sinadari na yau da kullum bambancin kaɗan ne, masana suna ta muhawara a kai. A nawa ganin, abin da babu gardama a kansa shi ne takin, da shukar tsakanin layi, da barin maganin ciyawa, da kuma wannan: wanda zai fesa ƙaho da ƙafa dole ya ratsa kowane layi, ya ga ganyen da ya canza launi tun ciwon bai yaɗu ba. Ina girmama masu ƙahon, domin ban ga wanda ya kai su kula da ƙasa ba.

Inda noman nan yake shan wuya na gaske shi ne cuta. Babbar abokiyar gaba wata fumfuna ce da ta shigo Turai daga Amurka a 1878. Manoma suna da ƙa'idar goma uku: in zafi ya kai digiri 10, ruwan sama ya kai milimita 10, sabon reshe ya kai santimita 10, to ta samu ƙofa. Alamar farko tabo ne kamar na mai a saman ganye, a ƙasansa kuma farin gashi. In ta kama fure ko ƙananan 'ya'ya, nonon inabin ya bushe ya yi launin ƙasa. Mai noman zamani yana da maganin da ke shiga cikin jikin tsiro ya tsare shi fiye da kwana goma. Mu tagulla kawai muke da ita, irin haɗin da wani masani, Millardet, ya fitar a Bordeaux a 1885. Ita a saman ganye take zama, ba ta warkarwa, tsarewa kawai take yi. Ruwan milimita 20 yana wanke ta, ganyen da ya fito bayan feshi kuma ba shi da kariya, a watan Mayu da Yuni kuwa reshe yana ƙaruwa kullum. Don haka dole feshi ya riga ruwa, ko Lahadi ce ko dare ne. Da sanyin safiya ake kama fara.

Kuma ba a ba ka ita yadda kake so. Tun 2019 dokar Tarayyar Turai ta tsayar da kilo 28 a hekta cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara a matsakaici, Demeter kuma ta rage zuwa 3. Dalili shi ne tagulla ba ta ruɓewa, taruwa take yi a ƙasa, ta cutar da tana da sauran halittun da duk wannan noman yake ƙoƙarin rayawa. Wannan shi ne raunin tsarin, kuma mai gaskiya a cikinsu ba ya ɓoye shi. Dabarar ita ce a raba ta ƙanana, giram 100 zuwa 400 a kowane feshi gwargwadon hadari, a haɗa da dafaffen ruwan ganyaye. Wanda aka fi amfani da shi wata ciyawa ce mai gaɓa-gaɓa da ke fitowa a fadama, ita ce 508, ana tafasa busasshiyarta a hankali a tace. Tana taimakawa a shekara mai sauƙi. A shekarar ruwa irin 2024, wadda ta yi wa gonakin Loire ɓarna sosai, ba ta tsayar da komai ita kaɗai, akwai gonakin da suka rasa fiye da rabin amfaninsu. Yawan shigar tarakta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ma yana danne ta, ga wata asarar.

Fumfuna ta biyu fara ce kamar toka, tana fasa 'ya'ya. Maganinta farar wuta, amma in zafi ya haura digiri 30 ita ma tana ƙone ganye, sai a fesa da yamma ko a rage. Rabin maganin duka biyun kuwa hannu ne: a cire rassan da suka yi yawa a Mayu, a ɗaga sauran a kan waya, a tsinke ganye a gefen da rana ke fitowa don iska ta busar da raɓa. In aka tsinke gefen yamma, rana ta dafa 'ya'yan. Ga tsutsar da ke huda inabi kuma, ana rataya 'yan robobi masu ƙamshin macen malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar, namijin ya rikice ya kasa samun ta. Akwai wata cuta da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa wadda hukuma take tilasta feshi a yankin da ta ɓulla. Wani manomin biyodinami a Burgundi, Emmanuel Giboulot, ya ƙi yi, aka ci shi tara a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a ƙarshen shekarar. Har yau ana jayayya a kan wanda ya fi gaskiya, domin maganin da aka yarda da shi na fure ne, amma yana kashe ƙwari masu amfani tare da marasa amfani.

Duk wannan wahalar dalilinta ɗaya: wanda ba zai gyara ruwa a rumbu ba dole ya kawo 'ya'ya marasa aibi. Girbi da hannu ake yi, da safe tun suna da sanyi, cikin ƙananan akwatuna na kilo 15 zuwa 20 don na sama kada ya fasa na ƙasa. Mai yanka yana duba kowane nono. Ɗan da zanzaro ya huda, ko wanda ya yi ja yana warin tsami, a cire shi nan take, domin yana ɗauke da ƙwayoyin da ke mayar da ruwa khal. Ranar girbi ana tsayar da ita ne da ɗanɗano da awo. Ana neman sukari wajen giram 200 zuwa 220 a lita, tun da kusan giram 17 ne ke ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. Amma idon mai gida ya fi zama a kan tsami. Farin inabinmu, Chenin, yana da tsami na halitta, awon tsaminsa, wato pH, wanda lambarsa ke hawa in tsami ya ragu, yakan tsaya wajen 3.1 zuwa 3.3, kuma wannan tsamin shi ne mai gadin ruwan. Da ya haura 3.6, miyagun ƙwayoyi sun samu wurin zama. Gara a yanka da kwana biyu da wuri da a makara da kwana biyu.

A rumbun zamani doka ta yarda da abubuwa da yawa: yistin kanti, abincin yisti, ƙarin sukari, ƙarin tsami, farin ƙwai ko wani yumɓu don ruwa ya washe, da tacewa iri-iri. Ba haramtattu ba ne, kuma suna sa ruwan bana ya yi kama da na bara. A nan ba a sa ko ɗaya. Yistin da ke jikin 'ya'yan da bangon rumbu shi ke aikin mayar da sukari barasa. Don kada a zauna jiran sa'a, mako guda kafin girbi ana yanko 'ya'ya masu lafiya kilo 30 zuwa 50, a murƙushe a bokitai daban-daban, a ajiye a wuri mai ɗumi. Kullum a shinshina. Wanda ya tashi da ƙamshin 'ya'ya da burodi a riƙe, wanda ya yi warin gam ko man goge farce a zubar. Mai kyaun ake zubawa a babban ruwa, kashi 2 ko 3 cikin ɗari.

Farin inabi ana matse shi da sandunansa, a hankali, awa 3 zuwa 4. A bar ruwan ya kwana a tanki mai sanyi, laka mai nauyi ta zauna, a janye na sama zuwa ganga, a bar ɗan fili don kumfa. Kada a washe shi da yawa, domin cikin wannan 'yar lakar abincin yisti yake. Baƙin inabi, Cabernet Franc, ana cire masa sanduna a zuba a tanki da fatarsa, kwana 10 zuwa 20, domin launi a fata yake. Fatar tana tasowa sama ta yi ɓawo, kuma dole a riƙa jiƙa ta kullum, a danna ko a kwara mata ruwa daga ƙasa. In ta bushe, khal ya fara daga nan. Zafin tankin ana so ya tsaya tsakanin digiri 25 da 28, in ya doshi 35 yisti ya mutu. Abin da ke kashe mutane a wannan aikin iskar da tsimuwa ke fitarwa ce. Lita guda ta ruwa tana fitar da fiye da lita 40 na iskar kabon, ba ta da launi, ta fi iska nauyi, tana kwanciya a gindin tanki da ɗakin ƙasa. Ba a shiga sai an kunna fanka an duba na'urar awo, kuma ba a shiga tanki sai da wani tsaye a baki.

Kowace safiya ana auna nauyin ruwan kowace ganga da wani gilashi mai iyo. Yana farawa wajen 1090, yana sauka yayin da sukari ke ƙarewa, ana so ya kai ƙasa da 995. Lokaci biyu ne masu ban tsoro. Na farko kwanakin kafin ya tashi, lokacin da yistin banza ke cin karensu babu babbaka. Na biyu shi ne in awon ya tsaya, a ce a 1005, kwana uku bai motsa ba. Sanadin yakan zama ɗaya cikin uku: sanyi ya shigo rumbu, ko sukari ya yi yawa barasa ta gajiyar da yisti, ko kuwa yunwar naitirojin ɗin nan da na ce ka riƙe, domin yisti yana buƙatar wajen miligiram 140 a lita. Ruwan da ya tsaya da sukari a ciki, babu farar wutar da ake sa wa ruwan inabi don ta tsare shi, ƙwayoyin madara, irin waɗanda ke tsamar da nono, suna faɗa masa su mayar da sukarin khal, kuma ba a dawo da shi. Abin da ake yi shi ne a ɗumama ɗakin zuwa digiri 20, a ba ruwan ɗan iska, a zuba masa lakar gangar da ta gama lafiya. Wani lokaci yakan yi barci duk hunturu ya farka a Afrilu, sai a yi ta kai samfur ɗakin gwaji ana duba ko khal yana hawa. Rashin sa hannu ba ya nufin rashin awo. Gidan nan ya fi maƙwabtansa kai samfur da duba ruwa a madubin ƙwayoyi.

Bayan yisti akwai tsimuwa ta biyu, inda ƙwayoyin madarar nan, in sun zo bayan sukari ya ƙare, suke mayar da tsami mai kaifi ya zama mai laushi. Ita ma barin ta ake yi ta zo da kanta. Daga nan sai zama a ganga, mai lita 225 ko manya masu 400 da 500, tsofaffi don kada itace ya rufe ɗanɗano. Ganga tana shan ruwa, fili ya buɗe a sama, iska ta shiga. Duk mako ana cika kowace ɗaya har baki da ruwa irinta. Wanda ya yi sakacin wannan wata guda zai tarar da farin yayi a saman ruwa da launin da ya dushe.

Lalacewar da aka fi sani a irin wannan ruwan huɗu ce. Akwai khal da na ambata, wanda doka ma ta sa masa iyaka, kusan giram 1.1 a lita ga farin ruwa da 1.2 ga ja, wato na baƙin inabi. Akwai wani yisti da ake kira Brettanomyces, mai sa warin garken dawaki, yana son ragowar sukari da ƙarancin tsami, yana ɓuya cikin katakon tsohuwar ganga, shi ya sa ake wanke ganguna da tururi, wadda ta kamu sosai kuma a fitar da ita. Akwai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya fi sauƙi, sau da yawa janye ruwan daga laka a ba shi iska ya isa. Mafi muni shi ne wanda suke kira ɗanɗanon ɓera. Hanci ba ya jin sa a kofi, sai bayan an haɗiye da daƙiƙa kaɗan yake tasowa a maƙogwaro, domin yawu ne ke rage tsami ya sake shi. Wasu mutane ba sa jin sa sam, don haka ba a barin mutum ɗaya ya yanke hukunci a kan ganga. Kusan kullum a ruwan da ba a sa wa farar wuta ko kaɗan yake fitowa.

A kan farar wutar nan ake rabuwa. Doka ta bar ruwan inabi na yau da kullum, marar zaƙi, ya kai miligiram 150 a lita ga ja, 200 ga fari. Na noma marar sinadari 100 da 150. Demeter a Faransa 70 da 90. Duk wanda ya haura 10 dole a rubuta a kwalba, kuma yisti da kansa yana fitar da kaɗan. Ka ga ke nan biyodinami bai hana ta ba. Masu cewa a daina sa ta gaba ɗaya wata hanya ce daban da ta taso daga Beaujolais, daga binciken Jules Chauvet da aikin mutane irin su Marcel Lapierre, ko da yake yau hanyoyin biyu sun cakuɗe a gidaje da yawa. A 2020 aka fito da tambarin Vin Méthode Nature, mai sharaɗin girbin hannu, yistin halitta, da farar wutar da ba ta wuce 30 ba. Gidan nan ba ya sa komai a girbi ko lokacin tsimuwa. Gab da zuba kwalba ake duba kowace ganga: mai ƙarfi ta tafi haka, mai rauni a ba ta miligiram 10 zuwa 30. Ina ganin wannan ya fi daidai. Mutumin da ya ƙi miligiram 20 saboda aƙida, ya sayar wa jama'a ruwan da ya lalace, ya zubar da wahalar mutanen da suka yi shekara suna noma da fartanya, kuma wannan yana ɓata mini rai.

Ba a tacewa, lokaci ne ke washe ruwan. Ana janye shi a hankali daga laka, a bar shi ya gangara da nauyinsa maimakon famfo mai ƙarfi. Kafin a zuba, sai gwaji ya tabbatar sukari bai kai giram 2 a lita ba kuma tsimuwa ta biyu ta ƙare, in ba haka ba da zafi ya zo ruwan ya sake tashi cikin kwalba, ya yi kumfa ko ya ture toshiya. Bayan an rufe ma bai tsira ba. Yana son wuri mai digiri 14 ko ƙasa, shi ya sa ba a aika shi nesa a watannin zafi sai cikin mota mai sanyi. Tsakanin kowane mataki kuma wanki ne, tiyo da bokiti da famfo da daɓe, da ruwan zafi, kafin aiki da bayansa. Sabon ma'aikaci a rumbu yakan yi makonni bai taɓa komai ba sai buroshi.

Amfanin da ake samu kaɗan ne, a shekara mai kyau wajen lita 3,000 zuwa 3,500 a hekta a gonarmu, ga ma'aikata da yawa, shi ya sa kwalbar take da tsada. A Disamba za mu fara datsa, har zuwa Maris. Ana bar wa kowace kuringa dogon reshe ɗaya da gajere, ana kuma yanka ne kawai a kan itace mai shekara ɗaya ko biyu, a gefe guda, a bar ɗan kututture sama da ido. Babban rauni kusa da gindi yana bushewa ya shiga ciki ya toshe hanyar ruwan itacen, daga nan cutar katako take kama kuringa, bayan wasu shekaru ta mutu a tsaye cikin mako guda a tsakiyar zafi. Gonakin da ke kwari, inda ƙanƙarar Afrilu ta fi sauka, su ake bari sai ƙarshe, domin datsa a makare tana jinkirta toho da 'yan kwanaki.

Sai na ji daga gare ka. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninka,
Ishaya